Yadda Faɗa-wuta Ke Gadar wa 'Ya'yansa Juriyar Maganin Feshi: Bayani ga Manoman Rogo da Ƙaraye

Gabatarwa

A kasuwanni da majalisun ƙauyukanmu, tun daga Rogo Ruma da Zarewa da Fulatan har zuwa garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, ba baƙon abu ba ne a ji manomi yana cewa maganin da ya kashe masa tsutsa bara bai yi masa aiki bana ba. Wasu kan ɗora laifin a kan jabun magani, wasu kuma su ce tsutsar ce ta saba da shi. Jabun magani matsala ce da ke akwai, amma ko da maganin na ainihi ne, akwai wani dalili da ya kamata kowane manomi da kowane jami'i ya sani, wato gado.

Mun shirya wannan bayani domin mu nuna yadda halaye ke wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya a wajen ƙwaron da ke haifar da waɗannan tsutsotsi, da kuma yadda irin feshin da muke yi ke zaɓen waɗanda za su rayu su hayayyafa. Wanda ya fahimci wannan zai san dalilin shawarwarin da malaman gona ke bayarwa, ya kuma kare kuɗinsa da amfanin gonarsa.

Wane ne faɗa-wuta?

Faɗa-wuta shi ne ƙwaron nan mai fiffike da ke kewaya fitila da daddare. Ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai yawancin ire-irensa da dare suke yawo. Rayuwarsa mataki huɗu ce: ƙwai, sai tsutsa, sai matakin kwanciya inda tsutsar ke shiga cikin ɓawo tana sauya kama, sannan ƙwaro mai tashi. Tsutsar ce ke ɓarna a gona, shi kuwa mai fiffiken aikinsa barbara da saka ƙwai. Saboda haka tsutsar da ke cikin masara da ƙwaron da ke faɗa wa fitila halitta ɗaya ce a shekaru daban-daban, in ana iya kiran 'yan kwanaki shekaru.

Iri uku ne suka fi shafar manomanmu. Na farko shi ne mai haifar da tsutsar masara, wanda masana ke kira Spodoptera frugiperda. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma a farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullarsa a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya. Na biyu shi ne Tuta absoluta, wanda manoman tumatir a Kano ke kira sharon. Daga Kudancin Amurka ya fito, ya isa Sifen a 2006, sannan a 2016 ya yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Na uku shi ne Maruca vitrata, wanda tsutsarsa ke cin fure da kwanson wake, kuma ya daɗe tare da mu.

Inda gado yake a jikin ƙwaro

Jikin kowace halitta mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, waɗanda aka yi da sinadarin DNA. A jikin waɗannan zaruruwa ne ƙwayoyin gado suke jere, kowace da aikinta: wata ta shafi launin fiffike, wata saurin girma, wata kuma yadda jiki zai yi da guba idan ta shiga.

Zaruruwan bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗan Adam yana da 46, wato tagwaye 23. Faɗa-wutar masara yana da tagwaye 31, na tumatir 29, tsutsar siliki kuma 28. Idan jiki zai samar da ƙwai ko maniyyi, sai a raba tagwayen gida biyu, kowane ƙwai ya ɗauki guda ɗaya daga kowane tagwai. Idan ƙwai da maniyyi suka haɗu, adadin ya sake cika. Ta haka kowace tsutsa ke samun rabin gadonta daga uwa, rabi daga uba.

Wani malami mai suna Gregor Mendel ne ya fara bayyana ƙa'idojin wannan rabo a 1865, bayan gwaje-gwajen da ya yi da wani irin wake a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau. A 1906 wani masani ɗan Japan, Toyama Kametaro, ya nuna cewa waɗannan ƙa'idoji suna aiki a kan tsutsar siliki, wadda ita ma 'yar faɗa-wuta ce.

Daga barbara zuwa ƙwai

Da daddare macen faɗa-wuta kan saki wani ƙamshi na musamman wanda namiji ke shaƙa da gashin kansa tun daga nesa, ya biyo shi har ya same ta. Wannan ƙamshi ne aka kwaikwaya aka yi tarkon da malaman gona ke ratayawa domin sanin ko ƙwaron ya shigo yanki.

A lokacin barbara namiji yakan miƙa wa mace maniyyinsa a ƙunshe cikin wata 'yar jaka, ita kuma ta adana shi a jikinta. Duk ƙwan da zai fita sai ya haɗu da maniyyin da aka adana kafin ta saka shi a kan ganye. Mace na iya barbara da namiji fiye da ɗaya, don haka ƙwayayen uwa guda na iya zama na ubanni daban-daban. Wani abin lura kuma shi ne namijin faɗa-wuta yana samar da maniyyi iri biyu: mai ɗauke da zaruruwan gado, da kuma marar su, wanda aikinsa taimaka wa na farkon ya kai ga ƙwai.

Kafin zaruruwan namiji su shiga maniyyi, tagwayen kan yi musayar gutsattsari a tsakaninsu, ta yadda abin da ya gada daga uwarsa da na ubansa ke cakuɗuwa. A jikin macen faɗa-wuta ba a yin wannan musaya. Kowane zare yana wucewa cikin ƙwai ne ɗungurungum. Wannan cakuɗa da rabo su ne dalilin da ya sa tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe daga tarin ƙwai guda ba su zama daidai da juna ba. Ido na ganin su iri ɗaya, amma gadonsu ya bambanta.

Yawan 'ya'yan ma abin dubawa ne. Macen faɗa-wutar masara kan saka ƙwai tari-tari, kowane tari 100 zuwa 200, kuma a rayuwarta tana iya saka fiye da 1,000. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro mai saka nasa ƙwan kimanin kwana 30 ne. Macen sharon kan saka har kimanin ƙwai 260, kuma inda abinci bai yanke ba, ana iya samun zuriya 10 zuwa 12 a shekara guda. Abin da zai ɗauki ɗan Adam ɗaruruwan shekaru na kaka da jika, wannan ƙwaro yana yin sa tsakanin damina da damina.

Uwa ce ke tantance jinsi

A wajen ɗan Adam, namiji ne ke ɗauke da zaruruwan jinsi mabambanta, X da Y. A wajen faɗa-wuta abin ya juya, kamar yadda yake a wajen kaji: namiji yana da Z guda biyu, mace kuma a yawancin ire-iren tana da Z ɗaya da W ɗaya. Ƙwan da ya ɗauki Z daga uwa zai zama namiji, wanda ya ɗauki W zai zama mace. A 1906, masana biyu a Ingila, Leonard Doncaster da G. H. Raynor, sun lura da wani launin fiffike da gadonsa ke bin jinsi a wani irin faɗa-wuta mai suna Abraxas, kuma wannan na daga cikin farkon shaidun da aka samu na irin wannan gado. A 2014 masana a Japan suka gano ainihin abin da ke kan zaren W na tsutsar siliki wanda ke mayar da ɗan tayi mace.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin kaso na DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai. Da shi, tare da wasu alamomin gado, masana suka bi sawun tsutsar masarar da ta shigo Afirka, suka gano cewa ta fi kama da wadda ake samu a Florida da tsibiran Karibiyan.

Hali mai rinjaye da hali mai ɓuya

Tun da kowace tsutsa tana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, to kwafin biyu na iya zama iri ɗaya ko su saɓa. Wani hali mai rinjaye ne, kwafi ɗaya ya isa ya bayyana shi. Wani kuma mai ɓuya ne, ba ya bayyana sai an gaje shi ta wajen uwa da uba duka. Tsutsar da ke da kwafi ɗaya na hali mai ɓuya tana ɗauke da shi ne kawai, ba ya nunawa a jikinta.

Jama'armu sun san irin wannan lissafi daga gwajin jinin da ake yi kafin aure. Idan masu AS biyu suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Haka yake ga faɗa-wuta. Idan uwa da uba kowannensu na ɗauke da kwafi ɗaya na juriya mai ɓuya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu za su sami kwafi biyu su zama masu juriya, rabi za su zama masu ɗauke da ita, sauran kashi ɗayan kuma ba su da ita sam. Idan kuwa mai kwafi biyu ya yi barbara da marar juriya, duk 'ya'yan za su fito da kwafi ɗaya ne kawai. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙarshe, domin a kansa aka gina wasu daga cikin shawarwarin da za su zo a gaba.

Yadda juriya ke yaɗuwa

Lokaci-lokaci, wajen kwafar DNA daga zuriya zuwa zuriya, akan sami ɗan sauyi a wata ƙwayar gado. Yawancin irin waɗannan sauye-sauye ba su da amfani ga ƙwaron, wasu ma illa suke yi masa. Amma wani sauyin kan canja wurin da guba ke kamawa a jijiyar tsutsa, ta yadda maganin ba zai kama ba. Wani kuma kan sa jikin tsutsar ya riƙa narkar da gubar kafin ta yi aiki. Irin waɗannan tsutsotsi suna nan 'yan kaɗan a cikin dubbai tun kafin a yi feshi.

Idan aka yi feshi, marasa juriya su mutu, masu ita su rage. Waɗanda suka ragun su ne za su zama faɗa-wuta, su yi barbara da juna, su saka ƙwai. Idan aka sake fesa magani iri ɗaya a kan 'ya'yansu da jikokinsu, kowane zagaye kason masu juriya ƙaruwa yake yi, har a wayi gari su ne mafi rinjaye a gonar. Tsutsa guda ba ta koyon jure magani a rayuwarta ta kuma koya wa 'ya'yanta. Maganin ne ke tankaɗe marasa ƙarfi kamar rariya, ya bar masu gadon juriya. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ga misali na lissafi kawai. A ɗauka kwafi ɗaya cikin kowane 100 na juriya mai ɓuya ne. A wannan hali tsutsa ɗaya ce cikin 10,000 za ta gaji kwafi biyu, manomi ba zai ma lura da ita ba. Idan feshi ya ɗaga kason zuwa kwafi ɗaya cikin 10, masu juriya sun zama ɗaya cikin 100. Idan ya kai rabi, sun zama ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa manomi ke ganin kamar dare ɗaya magani ya daina aiki, alhali abin ya daɗe yana taruwa a ɓoye.

Shaidu daga wasu ƙasashe

Sanannen misali shi ne na wani faɗa-wuta mai ɗige-ɗige a Ingila, Biston betularia. A 1848 aka sami baƙinsa a birnin Manchester. Hayaƙin masana'antu ya baƙanta jikin itatuwa, tsuntsaye suka riƙa ganin masu haske suna cinyewa, baƙaƙen suna tsira suna hayayyafa, har kafin ƙarshen ƙarnin suka zama kusan su kaɗai a yankin. Da aka tsabtace iska a ƙarni na 20, masu hasken suka sake rinjaye. A 2016 masana suka gano ainihin sauyin DNA da ya haifar da baƙin launin. Abin da tsuntsaye suka yi a can, shi maganin feshi ke yi a gonakinmu.

A tsibirin Puerto Rico, an shigo da wata masara mai kare kanta daga tsutsa a 2003. Zuwa 2006 tsutsar masara ta riga ta zama mai jure ta, aka janye irin daga kasuwar tsibirin. A ƙasar Italiya, an ba da rahoton sharon mai jure sababbin magungunan rukunin diamide a 2015, 'yan shekaru kaɗan bayan fara amfani da su. Har ila yau, bincike ya nuna cewa sharon da ya shiga Turai ya zo ne ɗauke da gadon jure magungunan rukunin pyrethroid, kuma an sami gadon jure rukunin organophosphate a jikin tsutsar masara da aka gwada a Afirka. Ma'ana, waɗannan baƙin ƙwari sun iso mana da gadon feshin da aka yi wa kakanninsu a wasu nahiyoyi.

Abin da wannan ke nufi ga yankinmu

Tsutsar masara da sharon ba sa dogon barcin rani. Muddin akwai ɗanyen ganye, haihuwa ba ta tsayawa. A yankin da ake noman damina sannan a shiga noman rani a fadamu da bakin madatsun ruwa, kamar yadda ake yi a Rogo da Ƙaraye, zuriya na bin zuriya duk shekara. Bugu da ƙari, faɗa-wutar masara na iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka masa. Rogo kuwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Juriyar da aka reno a gonar mutum ɗaya ba ta tsayawa a kan iyakar gonarsa, ko ta gundumarsa.

Game da sababbin iri, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a watan Disamba na 2019, wanda ke ɗauke da ƙwayar gado daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa mai suna Bt, mai kashe tsutsar Maruca. A watan Janairu na 2024 aka amince da fitar da ire-iren masarar TELA guda huɗu. Ko manomi ya zaɓi shuka su ko bai zaɓa ba, ya kamata a sani cewa dokar gado ɗaya ce: su ma tsutsa na iya zama mai jure su idan aka yi sakaci, kamar yadda aka gani a Puerto Rico. Dalilin da ya sa ake son a bar wani yanki na iri na gargajiya kusa da irin Bt shi ne domin a sami faɗa-wuta marasa juriya da yawa, waɗanda za su yi barbara da 'yan tsirarun da suka tsira. 'Ya'yan da za su haifa masu kwafi ɗaya ne, kuma irin Bt na iya kashe su.

Shawarwari ga manoma

Na ɗaya, a riƙa zagaya gona aƙalla sau ɗaya a mako tun masara tana ƙarama, a duba ganye da cikin zuciyar shukar. Tarin ƙwai da aka murƙushe da hannu ba ya barin magaji, ko mai juriya ne ko marar ita.

Na biyu, kada a yi feshi sai an ga buƙata, kuma a yi shi tun tsutsa tana ƙarama, da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin zuciyar masara inda take ɓuya.

Na uku, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba. Rage magani domin ya auku yana barin masu ɗauke da rabin juriya su rayu. Ƙara shi fiye da kima kuma yana cutar da mai feshi da masu cin amfanin, yana kashe ƙwarin da ke cin tsutsa.

Na huɗu, a riƙa sauya rukunin magani. Sauya sunan kamfani ba shi ne sauya magani ba. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin, alal misali, rukuninsu ɗaya, wato 3A, kuma wuri ɗaya suke kamawa a jikin tsutsa. Emamectin benzoate yana rukuni na 6, spinosad na 5, chlorantraniliprole na 28. Ƙa'idar ita ce kada zuriya biyu a jere su haɗu da rukuni ɗaya, wato bayan kimanin kwana 30 a koma wani rukunin. A duba lambar rukuni ko sunan sinadarin a jikin kwalba, ko a tambayi malamin gona.

Na biyar, bayan an gama cire tumatir a tuge karan a binne ko a ƙone, a kuma yi huɗa, domin matakin kwanciya na waɗannan ƙwari yakan kasance a cikin ƙasa ko busasshen ganye. A riƙa sauya abin da ake shukawa, kuma maƙwabta su yi ƙoƙarin shuka a lokaci guda.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Rogo da Ƙaraye, da su riƙa isar da wannan bayani a tarukan manoma kafin faɗuwar damina da kuma kafin fara noman rani. Zai yi kyau ƙungiyoyin manoma na kowace fadama su yi shawara a kan rukunin maganin da za su yi amfani da shi a kowane wata, domin sauyin mutum ɗaya ba ya wadatarwa idan maƙwabtansa ba su sauya ba. Masu sayar da magani su ma suna da haƙƙin bayyana wa mai saye rukunin abin da suke ba shi.

Duk manomin da ya yi feshi bisa ƙa'ida da magani mai rajistar hukumar NAFDAC, ya kuma ga tsutsa ba ta mutu ba, ya adana kwalbar, ya rubuta ranar da ya yi feshin da ma'aunin da ya yi amfani da shi, sannan ya kai rahoto ga malamin gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona da Raya Karkara ta Jihar Kano, wato KNARDA, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa. Da irin waɗannan rahotanni ne ake gane inda juriya ta fara ɓulla tun kafin ta game yanki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana amfanin gonakinmu.